Muhawara: Tsohuwar doguwar bindigar ƙyastu ta Amurka, yadda ake gane shekarunta da aikin da aka yi mata daga baya

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin tsofaffin makamai. A wani gwanjon kayan gado da za a yi kusa da inda nake zaune a jihar Pensilbaniya an fitar da doguwar bindiga mai ƙyastu, irin wadda ake kira bindigar Kentaki, kuma an ba masu sha'awa damar dubawa kafin ranar gwanjon. Bututunta mai fuska takwas ne, tsawonsa inci 41. Ƙotar ta itacen mapul ce mai zane-zane kamar na damisa, tana da ma'ajiyar ƙyallen naɗe harsashi ta tagulla a gefen gindi wadda kanta ya ƙare da siffar fure, sannan akwai tauraro na azurfa a wurin da ake ɗora kunci. A jikin farantin ƙyastun an rubuta "Ketland & Co." Magadan sun ce kakan kakansu ya yi yaƙin neman 'yancin Amurka da ita, kuma Ketland ɗin nan shi ne ya ƙera ta. Ina son in san ko wannan magana tana da tushe kafin in sa kuɗina.

Alhaji Mai Kayan Da:
Wa alaikumus salam Malam. Abu na farko da ya kamata ka cire daga lissafi shi ne sunan da ke jikin ƙyastu. Ketland gidan sana'a ne a Birmingham ta Ingila, kuma sun sayar wa maƙeran Amurka ƙyastu masu ɗimbin yawa, musamman bayan an gama yaƙi an koma ciniki tsakanin ƙasashen biyu. Maƙerin bindiga a Lankasta ko York na Pensilbaniya yakan sayi ƙyastu a hannun ɗan kasuwa, wani lokaci ma ya sayi bututun a hannun masu ƙirar bututu na bakin rafin Wyomissing kusa da Reading, shi kuma nasa aikin shi ne ya fafe itace, ya zaunar da ƙarafan, ya zuba tagulla, ya yi sassaƙa da zane. In ya sa sunansa, a saman bututu yake sa shi, tsakanin gindin bututun da saitin baya. Jacob Dickert na Lankasta, wanda ya rayu daga 1740 zuwa 1822, haka yake rubuta nasa, da 'yar alamar kibiya da gatari a gicciye a tsakanin harafin farko da sunan. Da yawa kuma ba su sa suna ba sam.

Saboda haka ka koma ka duba saman bututun da fitila, ka haska ta daga gefe ba daga sama ba, domin rubutun da ya goge da haka yake fitowa. Sannan ka auno mana faɗin farantin gindi, wato wanda ke rufe ƙarshen ƙota, ka kuma gaya mana ko a miƙe yake ko ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. Wannan ma'auni ɗaya zai gaya mana abin da ya fi labarin magada.

Baban Khadija:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na koma na duba. Faɗin farantin gindi bai kai inci ɗaya da rabi ba, kuma ya lanƙwashe sosai. A saman bututu akwai alamar rubutu mai haɗe-haɗe, amma ya goge, ba na iya karanta komai sai harafin farko da nake zaton J ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rubutun ya matso gindin bututun ƙwarai, har harafin farkon ya kusa taɓa wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota.

Alhaji Mai Kayan Da:
To, Malam, wannan bindiga ba ta ga yaƙin 1775 zuwa 1783 ba. Bindigogin wancan zamani suna da kauri da nauyi a gindi, farantinsu yakan kai inci biyu a faɗi kuma kusan a miƙe yake, domin har lokacin ba su yi nisa da uwarsu ba, wato gajeriyar bindigar farauta ta Jamus da baƙin haure masu jin Jamusanci suka zo da ita Pensilbaniya a farkon ƙarni na 18. Wadda John Schreit na Reading ya sa wa shekarar 1761, wadda ake lissafawa cikin mafiya tsufa masu ɗauke da kwanan wata, haka take. Da yawa daga cikin na farkon ma murfin ma'ajiyar ƙyallensu na itace ne da ake zamewa, ba tagulla mai maɓalli ba, sassaƙarsu kuma mai tudu ce, an rage itacen da ke kewaye har ganyen da aka zana ya taso. Da aka shiga ƙarni na 19 sai gindi ya sirance, faranti ya lanƙwashe, ramin bututu ya ƙanƙance, sassaƙa mai tudu ta ja baya, aka koma yankan zane da manna azurfa. Abin da ka siffanta ya fi kama da aikin shekarun 1810 zuwa 1825, kuma furen da ke kan ma'ajiyar ƙyallen yana nuni ga Lankasta ko wanda ya koyi sana'a a can.

Ba na cewa magadan ƙarya suke yi da gangan. Sau da yawa kakan ya yi yaƙin da gaske, bindigar kuma ta ɗansa ce ko ta jikansa, sai labarin ya haɗe su. Ka kuma tuna cewa yawancin sojojin wancan yaƙi ba da irin wannan bindiga suka yi shi ba, da bindigar soja mai santsin ciki suka yi, wadda ake ɗurawa da sauri kuma ake sa mata wuƙa a baki. Rundunonin masu doguwar bindiga, kamar mutanen Daniel Morgan a Saratoga a 1777, 'yan kaɗan ne a cikin taron.

Ɗan Maƙera:
Ranka ya daɗe Alhaji, ina da tambaya a matsayina na wanda ya tashi a gidan ƙira. Mu a nan mun san bindigar toka ta mafarauta da ta 'yan bindigar hawan Sallah, kuma ni ban ga abin da ya raba ta da wannan da kuke magana a kai ba, in ban da ado. Ita ma ta baki ake ɗura ta, tsofaffin cikinsu kuma da dutse suke tashi. Me ya sa wannan take da daraja haka?

Alhaji Mai Kayan Da:
Bambancin yana cikin bututu, ƙanena. Bindigar toka cikinta santsi ne, harsashi yana fita yana tangaɗi. Ita wannan an tsaga mata murɗaɗɗun layuka a ciki tun daga gindi har baki, sau da yawa guda bakwai, kuma ana naɗe dunƙulen dalma da ɗan ƙyalle mai maiƙo kafin a tura shi da sandar ɗuri, ƙyallen ya kama layukan, harsashin ya fita yana juyawa. Shi ya sa gwani yake samun abin da ya saita a nisan yadi 200, inda mai santsin ciki ba a dogara da ita bayan yadi 100. Tsawon bututun kuma yana ba albarushi damar ƙonewa sosai, ƙaramin harsashi ya wadatar, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da yake dawa inda dalma da albarushi suke da tsada. Kai da ka san wuta za ka fi mu ganin wahalar aikin: doguwar sandar ƙarfe ake lanƙwasawa a kan wani siririn ƙarfe, a riƙa haɗe bakinta da guduma kaɗan-kaɗan, sannan a fafe ciki, a goge waje da magagari har ya zama fuska takwas. Na farkon ba su da kauri ɗaya: suna da kauri a gindi, su sirance a gaba, su sake buɗewa kaɗan a baki. In ka ɗora madaidaiciyar sanda a jikin bututun za ka ga haske a tsakani.

Tambayarka ta tuna mini da wani tarko. Masana'antun Liège na ƙasar Beljiyam sun ci gaba da ƙera bindigogin ƙyastu domin kasuwannin Afirka har cikin ƙarni na 20, kuma irinsu suna faɗowa gwanjo a Amurka a sayar wa wanda bai sani ba da sunan tsohuwar bindigar daji. Wanda ya ga haruffan ELG a cikin ɗan da'ira mai siffar ƙwai a gindin bututu, ya san daga Liège ta fito. Maƙeran Pensilbaniya ba su da hukumar gwajin bututu da ke buga irin wannan hatimi.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ni aikina adana kayan tarihi ne, ba makamai kaɗai ba, amma akwai abin da Baban Khadija ya faɗa wanda nake ganin an wuce shi da sauri, wato rubutun da ya matso gindin bututu. Maƙeri ba ya fara sa hannunsa a bakin wutsiya, yakan bar fili. In rubutu ya matso haka, mafi yawan lokuta an yanke bututun ne ta gindi, aka sake yi masa murfi. Dalilin da ya fi yawa kuwa shi ne sauya bindiga daga ƙyastu zuwa tsarin hula. A shekarun 1830 da 1840, da 'yar hular tagulla mai maganin tashin wuta ta yaɗu, masu bindiga sun yi ta kai nasu wurin maƙera, domin hula ba ta jin raɓa da iska kamar albarushin da ke cikin 'yar tasar ƙyastu. Maƙerin yakan cire tasar da ƙarfen da dutse yake kafta, ya toshe ramukan kusoshinsu, ya faɗaɗa kafar wuta ya ɗaura wani ɗan gangan ƙarfe mai kan nono da ake kifa hular a kai. In gindin bututun ya cinye, sai ya yanke inci ɗaya ko biyu.

To idan an yi wa wannan bindiga haka, kuma yau ga ta da ƙyastu, ma'anarsa wani ya sake mayar da ita a ƙarni na 20, lokacin da masu tara kayan tarihi suka fara biyan kuɗi mai yawa a kan mai dutse fiye da mai hula. Malam, ka duba abubuwa kamar haka. Ka kalli kewayen kafar wuta, ko akwai siririn zobe da ke nuna an cusa sabon ƙarfe an huda shi. Ka kalli saman bututu da gefensa a wurin, domin maganin tsohuwar hula yana cin ƙarfe, yana barin ƙananan ramuka birjik kamar an watsa, har ya ƙona itacen da ke kusa. In ka ga wannan ɓarna a bututu amma tasar ƙyastun tana sumul, to ba tare suka tsufa ba. In sun yarda a kwance ƙyastun, ka juya bayansa ka ga ko tasar an like ta ne da walda, ka kuma ga ko farantin ya cika gurbinsa a cikin itace ko an yi ciko. Kafin komai kuma, ka zura sandar ɗuri a bututu ka gwada tsawonta da waje. Ana samun irin waɗannan bindigogi da ɗuri a ciki, kuma baƙin albarushi yana iya tashi ko bayan shekara ɗari.

Baban Khadija:
Hajiya, kamar kina wurin. Mai gwanjon ya yarda an kwance ƙyastun a gabansa. Babu ɗuri a ciki, alhamdu lillahi. Zoben yana nan a kewayen kafar wuta, faɗinsa kamar na ƙaramin maɓallin riga, launinsa ya ɗan fi na sauran ƙarfen haske. Ramukan da kika ce suna nan a saman bututu har sun ci wani ɓangare na rubutun. A bayan farantin kuma akwai layin walda a ƙarƙashin tasar, an shafa masa wani abu baƙi don ya saje. Na kuma lura da wani tsohon gurbin saiti da aka cike da ƙarfe, kamar inci biyu a bayan inda saitin yake yanzu. Farantin kansa dai ya zauna daidai a gurbinsa, babu ciko ko kaɗan.

Alhaji Mai Kayan Da:
Wannan na ƙarshen labari ne mai daɗi, domin yana nuna farantin nata ne na asali, sassan da ke kansa ne kawai sababbi. Ni a ganina bindigar ba ta lalace ba. Mu faɗi gaskiya, kaso mai yawa na bindigogin ƙyastu da ke hannun masu tarawa a yau an mayar da su ne, waɗanda ba a taɓa sauya su ba tun asali 'yan kaɗan ne, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Maƙerin da ya yi wannan bindiga da ƙyastu ya tsara ta, layin ƙotar da zaman farantin duk don siffar ƙyastu aka yi su, kuma wanda ya mayar da ita ya dawo mata da kamannin da mai ita na farko ya gani. In an yi aikin da kyau, aka kuma faɗa wa mai saye, ban ga laifi ba. Laifin yana wurin ɓoyewa, da karɓar kuɗin ta asali a kan wadda aka gyara.

Maman Sadiq:
Alhaji, da girmamawa, a nan ne muka rabu. Na yarda ɓoyewa ita ce babbar illa, amma ko an faɗa, akwai abin da aka rasa wanda ba ya dawowa. Sauyin da aka yi a wajen 1840 ba ɓarna ba ce, shaida ce cewa bindigar ta yi aiki shekaru ashirin ko talatin, mai ita ya ga ta cancanci a kashe mata kuɗi, ta kuma ci gaba da ciyar da gida. Ɗan gangan nan da aka cire aka jefar aikin hannun wani maƙeri ne na wancan zamani, ya girmi duk wanda ke cikin wannan zaure da kakanninsa. Abin da aka sa a madadinsa kuwa zato ne: babu wanda ya san ainihin siffar tasar farko ko muƙamuƙin da ke riƙe dutsen, sai dai a kwaikwayi na wata bindigar. Kuma bayanin da mai gyara ya yi wa mai saye na farko ba ya bin bindigar. Bayan ta sauya hannu sau biyu ko uku sai ta zama "ba a taɓa ta ba", kamar yadda muke gani yanzu, inda magadan kansu ba su san an yi aikin ba. Baƙin abin da aka shafa a kan waldar nan ba don a taimaki mai nazari aka shafa shi ba.

Ɗan Maƙera:
Ni ina bayan Hajiya a wannan. Duk wanda ya taɓa huda tsohon ƙarfe ya yanka masa zare da hannu ya san ba aikin wasa ba ne, ballantana a wurin da wuta za ta riƙa dukansa. Mutumin da ya yi wannan sauyi ya amsa buƙatar mafarauci ne, wanda ya cire aikinsa kuma buƙatar kasuwa ya amsa.

Alhaji Mai Kayan Da:
Na ji hujjarku, kuma ba zan ce a ɗauki bindiga mai hula yau a kai ta a mayar ba. Ni ma wadda ta zo hannuna da hularta haka nake barinta. Amma wannan an riga an yi, kuma sake cire ƙyastun don a maido da hula zai zama zato na biyu a kan na farko. Inda nake tsayawa shi ne kada mu sa sabon shiga ya raina bindiga sukutum saboda tasa ɗaya. Darajar waɗannan bindigogi tana cikin itace da tagulla. Kowane yanki yana da hannunsa, kamar yadda mai ido yake raba hular Borno da ta Kano tun daga nesa. Na Lankasta layin gindinsu a miƙe yake sama da ƙasa. Na gundumar Lehigh da wasu na gundumar Berks bayan ƙotar yana da doro, kuma a Lehigh akan ga ɗan kan mutum da aka zana a gaban kariyar kunama. Aikin J. P. Beck na Lebanon, da na George Schroyer na Hanover, duka biyu a Pensilbaniya, da na John Armstrong na Emmitsburg a Maryland, masana suna gane su daga sassaƙa ko da babu suna. In ka gangara duwatsun Tenesi da Karolina sai ka tarar da ƙarfe a madadin tagulla, babu ado, wani lokaci ramin maiƙo kawai aka huda a ƙota. Littafin Joe Kindig na 1960 a kan wannan rabe-rabe ya ginu, kuma har yau da shi ake fara koyo. Wannan ilimin shi ne abin da Baban Khadija zai samu in ya riƙe bindigar a hannunsa yana kallo, ko da ƙyastunta gyararre ne.

Abu ɗaya da zan ƙara masa: ya duba zanen damisar nan da kyau. Na gaskiya yana cikin itacen, yana motsi in ka juya ƙotar a haske, kuma za ka same shi har cikin ramin ma'ajiyar ƙyalle. Masana'antar Henry Leman ta Lankasta ta shahara da zana shi da fenti a kan itace maras zane.

Maman Sadiq:
A kan barin ta yadda take yanzu mun daidaita, Alhaji. Sharaɗina shi ne, in Malam ya saya, ya rubuta duk abin da ya gani a takarda, da hotunan bayan farantin da zoben da tsohon gurbin saitin, ya haɗa da labarin magadan a matsayin labari, takardar ta riƙa bin bindigar duk inda ta je. Kada kuma ya goge tagullar ta yi ƙyalli, kada ya sa wa itacen sandfefa ko sabon fenti, kada ya yi ƙoƙarin zurfafa rubutun da ya goge don ya karanta. Rubutun da aka sake bi da ƙarfe ana gane shi, domin bakinsa yana da kaifi kuma yana ratsa ramukan tsatsa a maimakon su su ci shi, kuma daga ranar za a riƙa zargin sunan gaba ɗaya jabu ne.

Ya kuma tambayi mai gwanjon tun yaushe bindigar take a gidan, da wace shaida. Wannan ba don shekarunta kaɗai ba ne. Bindigar da Christian Oerter ya ƙera a 1775 a Christian's Spring, ƙauyen Kiristoci 'yan ɗariƙar Morabiya kusa da Nazareth ta Pensilbaniya, an sace ta daga wurin nuni a Valley Forge a 1971, ba a sake jin ɗuriyarta ba sai a 2018 da wani dillalin kayan tarihi ya saye ta cikin tarkacen wani rumbu, ya gane ta, aka mayar wa masu ita a 2019, aka ajiye ta a gidan tarihin juyin juya halin Amurka da ke Filadelfiya. Kayan sata suna yawo a wannan kasuwa, kuma mai saye ne yake asara in aka gano.

Shugaban Zaure:
Ina tunatar da 'yan uwa da ke gida cewa abin da ake tattaunawa a nan ya shafi Amurka ne, inda dokar tarayya take ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, ko da yake jihohi suna da nasu ƙa'idoji. A Najeriya da Nijar tsufan bindiga ba ya halatta shigo da ita ba tare da izinin hukuma ba, don haka kada wani ya yi odar irinta ta intanet. Baban Khadija, in ka samu dama ka ɗora mana hoton ma'ajiyar ƙyallen daga kusa, da na sassaƙar bayan kunci, ko Alhaji zai iya rage mana yawan maƙeran Lankasta masu harafin J da ake zato.

Alhaji Mai Kayan Da:
Ya haɗa da hoton farantin da ke ɗaya gefen, wanda kusoshin ƙyastu suke bi ta cikinsa, da na ƙarshen kariyar kunama ta baya. Maƙera sukan sauya zanen ma'ajiyar ƙyalle don son mai saye, amma waɗannan biyun daga ma'aunin shagonsu suke fitowa, shekara da shekaru ba sa canza su. In kuma za a iya zare bututun daga ƙota ba tare da an tsaga itacen gaba ba, wanda siriri ne ƙwarai kuma ya bushe, a duba ƙasansa kusa da gindi, domin a nan masu ƙirar bututu suke buga nasu sunan. In mai gwanjon bai saba da wannan aiki ba, a bar shi a haɗe har sai an samu wanda ya iya.